Hutun Sa'a

Mero ta kai rabin kitson ke nan yarinyar ta sake zame kanta, ta ce wani abu da harshen Ibo ba tare da ta waiwayo ba. Mero ba ta ji duka ba, amma ta tsinci kalmar da ke nufin zafi, sai ta sassauta hannu. Ƙananan 'ya'yanta, Zailani da Hannatu, suna tsugune a bakin kwata, inda ruwan jiya ya tara laka, suna gina shanu suna jerawa a kan bulo su sha iska. Sati biyar ke nan da aka ba da dogon hutu, saura ɗaya a koma makaranta, kuma kullum haka gidan ke wuni: laka, wanki, rabon faɗa, da wannan yarinya 'yar shekara tara da ke zaune tsakanin ƙafafunta kamar baƙuwar da ke jiran a sallame ta.

'Yarta ce ta fari. A nan Asata, cikin garin Enugu, aka raɗa mata suna Sa'a, shekara biyu kafin rikici. Ranar da aka ce duk ɗan Arewa ya tattara ya bar gari, ƙyanda ta rufe yarinyar, ko ido ba ta iya buɗewa. Maƙwabciyarsu Mama Emeka, wadda ta yi zaman Kafanchan da mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa har Hausa ta zauna a bakinta, ita ta riƙe hannun Mero ta ce kwana uku a bayan babbar mota zai ƙarasa yarinyar, a bar mata ita, wata ɗaya komai zai lafa. Wata ɗayan nan shi ya zama yaƙi. Sai bayan shekara shida, da Mero da mijinta Gwadabe suka dawo da yara biyu da suka haifa a Kano, suka yi cigiya har suka gaji, sannan aka ga Mama Emeka ta fito daga ƙauye. Ba miji, ba ɗanta Emeka, sai wata siririyar yarinya mai amsa sunan Nkechi.

Dattawan Hausawa da dangin matar suka zauna, aka yi ta kai-komo. Daga ƙarshe aka tsaya a kan cewa yarinya ta ci gaba da makarantarta a hannun Mama Emeka, in an yi hutu ta zo gidan iyayenta har ta saba. Gwadabe ya amince a gaban jama'a. Amma yau da safe, kafin ya fita kara inda yake dillancin shanu, ya kira Mero ɗaki ya gaya mata ƙanensa Jumare, da ya kawo shanu, zai koma Kano gobe, kuma da Sa'a zai tafi, a kai ta wurin kakarta. Ya ce ya gaji da ganin 'yar cikinsa tana zana gicciye a ƙirji kafin ta sa hannu a tuwo. A haɗa kayanta a ɓoye, in ji shi, kada yarinyar ta sani, balle matar.

Mero ma abin yana ci mata rai. Ta koya wa yarinyar Fatiha, ta haddace tsaf cikin kwana huɗu, amma tana karantawa ne kamar mai biya wa malamin makaranta darasi. Ta yi mata lalle, ta ɗinka mata atamfa, ta soya mata wainar da ita kanta ba ta samu ta ci ba. Yarinyar takan karɓa da hannu biyu ta rusuna, ta yi godiya da 'yar Hausar da ta tsinta a bakin ƙannenta. Ba ta taɓa yi wa Mero rashin kunya ba, ba ta kuma taɓa jingina da jikinta ba. Wani lokaci Mero takan ce a ranta wataƙila gaskiyar Malam ce, in ba a raba ta da garin nan ba, ba za ta taɓa zama tasu ba.

Tun farkon hutu ta yi wa yaran alkawarin kai su kallon jirgin ƙasa, Zailani kuwa bai bar ta ta manta ba ko kwana ɗaya. Da ta ƙarasa kitson ta ga rana ta fito, sai ta ce su wanke ƙafa. In dai gobe za a tafi da yarinyar, gara ta tafi da wani abu mai daɗi a ranta.

Suka bi titi a ƙafa. Garin ya cika da ƙarar gini tun da kuɗin mai ya fara yawo a hannun mutane. Manyan motoci ɗauke da siminti suna watsa wa masu tafiya ruwan kwalta, magina a kan tsani suna toshe ramukan harsashi a bangon shaguna suna bi da sabon fenti. Zailani yana gaba yana kiran sunan kowace mota. Sa'a tana riƙe da hannun Hannatu. Su biyun nan sun ƙirƙiro wani yare nasu, rabi Hausa rabi Ibo, sauran kuma nuni da yatsa, ba mai gane shi sai su.

A bakin shingen tasha Mero ta saya musu gasasshiyar masara wurin wata tsohuwa. Sa'a ta riƙa ɓare ƙwayoyin tana hura musu iska tana zuba wa Hannatu a tafin hannu. Can jirgin kaya ya taho daga Arewa yana huci, Zailani ya shiga ƙirga taragu da ƙarfi, ya ɓata a sha uku ya koma farko. Sa'a ta fashe da dariya har tana dukan shinge. Mero ta tsaya tana kallon wushiryarta, irin ta Gwadabe sak, tana tunanin wane zane za ta fara naɗewa in sun koma gida.

Ba ta ma lura da jirgin saman ba sai da ƙararsa ta cika kunne. Ƙarami ne, irin na 'yan kamfani, ya yo ƙasa sosai zai sauka a bayan gari. Zailani ya ɗaga hannu yana yi masa bai-bai. Da Mero ta juyo, babu Sa'a babu Hannatu a inda suke tsaye.

A cikin lambatun gefen titi ta gan su. Sa'a ta tura ƙanwarta ciki ta kwanta rub da ciki a kanta, hannu ɗaya ya toshe mata baki, ɗayan ya fizge jan ɗankwalin Hannatu ya cusa shi ƙarƙashin laka. Hannatu tana ta mutsu-mutsu tana neman numfashi. Wasu samari da ke jiran motar haya suka yi dariya. Tsohuwar mai masara ba ta yi ba, ta ajiye mafici ta kawar da kai.

Da ƙyar Mero ta ɓamɓare yatsun yarinyar ta zaro Hannatu, wadda ta ƙuje goshi tana tsala ihu. Jirgin ya daɗe da wucewa, amma Sa'a ba ta tashi ba. Jikinta ya sandare, haƙoranta suna haɗuwa, ta jiƙa siket ɗinta. Mero ta kira ta Sa'a, ta kira ta Nkechi, ta tofa mata duk addu'ar da ta zo bakinta, ta rungume ta a cikin lakar. Idanun yarinyar a buɗe suke, amma ba ita suke kallo ba. Kalma ɗaya take maimaitawa can ƙasa-ƙasa, kuma Mero ta san ma'anarta uwa ce, ta kuma san ba da ita ake ba.

Ta kwance mayafinta ta goya ta, ƙafafun yarinyar suna dukan gwiwoyinta. Ta ce wa Zailani ya riƙe Hannatu da kyau. Kasuwar Ogbete ba nisa daga tashar.

Mama Emeka tana rumfarta tana sayar da okpa, alalar gurjiya da ake naɗewa a ganyen ayaba. Tana hango su ta bar mai saye a tsaye. Ta sauke yarinyar daga bayan Mero, ta zauna a ƙasa ta kwantar da ita a cinya, ta lulluɓe ta da zane har kai, ta sa baki daidai kunnenta tana yi mata magana a hankali, tana bubbuga bayanta kamar jaririya. Mero tana tsaye da laka har gwiwa. Ta ga yadda kafaɗun suka saki kaɗan-kaɗan, ta ga hannu ya fito daga cikin zanen ya damƙi rigar matar. Ba a jima ba barci ya ɗauke ta.

Wata maƙwabciyar rumfa ta ba Mero kujera, ta ja yaran gefe ta wanke wa Hannatu goshi. Mero ta faɗi abin da ya faru. Mama Emeka ta gyaɗa kai, ta ce ta daɗe ba ta yi irin wannan ba, har ta ɗauka ya wuce.

"A kasuwar ƙauyenmu ne, da rana tsaka," in ji ta. "Na bar su ƙarƙashin bishiya na je neman gishiri. Emeka yana da shekara tara a lokacin. Da jirgin yaƙi ya jefa bom ya wuce na dawo, na same shi kwance a kanta. Ita ko ƙwarzane ba ta yi ba."

Mero ta san yaron ya mutu a yaƙi, amma ta ɗauka yunwa ce, kamar sauran.

"Wata huɗu ba ta yi magana ba. Har yanzu in ta farka a inda ba ta sani ba, sai ta wuni ba ta ce uffan ba. Daren farko da ta kwana a gidanku ban runtsa ba."

"Me ya sa ba ki gaya mana ba?"

"Maza ne suka yi zaman, Mero. Wa ya tambaye ni?"

Ta ɗan janye zanen ta duba kitson, ta shafa shi da yatsa, ta ce ya yi kyau, ita hannunta bai taɓa iya irin wannan ba. Sannan ta ce Mero ta je gida ta yi wa yara wanka, in yarinyar ta farka ta ci abinci za ta rako ta da kanta kafin magariba, tun da hutu bai ƙare ba.

Mero ta dubi ƙafafun da suka leƙo daga cikin zanen, da sauran lallen da ta sa mata yana nan ja a tafin. Abin da za ta yi kawai shi ne ta ce to.

"Kada ki kawo ta," ta ce. "Yau da gobe da jibi, ta zauna wurinki. Ko makaranta aka koma, ki riƙa raka ta. In wani ya zo da saƙo daga gidanmu, in ba ni kika gani da idonki ba, kada ki ba da ita."

Mama Emeka ta daɗe tana kallonta. Ba ta nemi ƙarin bayani ba. Ta miƙa hannu ta ɗauko okpa uku masu zafi ta ƙulle a takarda, ta ce a ba yara.

Bayan la'asar Gwadabe ya shigo da ɗan akwatin ƙarfe sabo fil, shuɗi mai zanen furanni, da takalmin roba a ciki. Ya ajiye a ƙofar ɗaki yana murmushi, ya tambayi ina Sa'a ta zo ta gwada. Mero tana tankaɗe. Ta ajiye rariya ta gaya masa komai, tun daga masara har zuwa bishiyar ƙauyen, ba ta rage ba, har da abin da ta ce wa Mama Emeka.

Bai ɗaga murya ba, saboda maƙwabta. Ya ce ta tona masa asiri, ta mayar da shi ƙaramin mutum a idon ƙanensa da uwarsa da ke can tana jira. Ya ce tsoron jirgi ba ciwo ba ne, a Kano akwai malamai, rubutu kaɗan zai raba ta da shi. Ya ce sau biyu ke nan tana miƙa 'yarsa ga matar nan da hannunta.

"Haka ne, Malam," in ji Mero. "In ka ga sai ta tafi, kasuwa ba ta tashi ba. Ka je ka ɗaga zanen ka ɗauko ta. Ni dai ba zan iya ba."

Ya ɗauki buta ya fita tsakar gida, ta bi bayansa da ido. Yaran sun yi wanka sun ci okpa, sun kuma sami sabon wasa. Zailani ya hau kan turmi ya ware hannuwa yana ƙugi da baki, sannan ya yi tsalle ya diro yana cewa ga jirgi nan. Hannatu ta cire ɗankwali ta faɗi rub da ciki a kan shanun laka, ta danne su da ƙirji, tana leƙowa ta gefen ido tana ƙyalƙyala dariya. Ta ce wa wanta ya sake, wannan karon shi zai kwanta a kanta kamar yadda Yaya ta yi.

Gwadabe ya tsaya da butar a hannu, ruwa yana zuba a kan takalminsa bai sani ba. Suka yi sau biyu, suka yi sau uku. A na huɗu ya ce musu ya isa, da wata murya da ta sa suka tashi ba gardama. Ya tsuguna ya kakkaɓe wa Hannatu riga, ya duba ƙujewar goshinta ya daɗe.

Ya yi alwala ya sa hula. Har ya kai zaure ya tsaya, bai juyo ba.

"Jumare zai sake kawo shanu bayan Salla," ya ce.

"Allah ya kai mu," in ji Mero.

Ta saurara ko zai ƙara wani abu. Sai ta ji takunsa ya yi hanyar masallaci, ba hanyar kasuwa ba. Ta jawo rariya ta ci gaba da tankaɗe.