Numfashin da Ba Nawa Ba

Shekara ashirin da shida ina tuƙa bas ban taɓa buge ko akuya ba, amma rana ɗaya tak da na yi gyangyaɗi a gaban jar wutar titi, sai kamfani ya tura ni asibiti. Aka jona mini wayoyi na kwana, aka ce wai numfashina yana tsayawa sau arba'in a kowace awa. Ni a ganina minshari ne kawai irin na gajiyayyun maza. Suka haɗa ni da wata na'ura mai tiyo da takunkumi, tana hura iska cikin hanci. Sharaɗin kamfani ɗaya ne: in riƙa sa ta aƙalla awa huɗu kowane dare har wata uku, ɗan katin da ke cikinta ya ba da shaida, likita ya sa hannu. In babu sa hannun, in ajiye makulli.

Kwana takwas na iya jurewa. Abin nan ya mayar da ni kamar jakin da aka ɗaure wa baki, in tashi da shati a kumatu, abokan aiki suna tambayata wa ya mare ni. Na gwada barinta a kunne a kan filo, shegiya ta gane, ta ƙi ƙirga ko minti ɗaya. Da matata ta ga ina ta tsaki sai ta ce, "Baban yara, kawo in riƙa sa maka. Ni dama ba wani barcin kirki nake yi ba." Na ce a'a sau ɗaya, da baki kawai. Na miƙa mata.

Ranar da wata uku suka cika na sa sabuwar riga na tafi asibiti da katin a aljihu. Ma'aikaciyar da ke duba katunan ba ta girmi 'yata ta fari ba. Ta zura shi a kwamfuta, ta juyo da allon wajena.

"Sannu da ƙoƙari, Baba. Ka ga korayen sandunan nan? Awoyinka ne. Shida, bakwai, shida. Ba kowa ke iyawa ba."

Na gyara zama, har da cewa ai mutum sai da haƙuri. Ban ji ko ɗar ba.

Sai ta buɗe wani shafi. Wani layi ne mai hawa da sauka, ta ce kowane tudu numfashi ɗaya ne. "Ga kwanakinka takwas na farko. Layin yana tafiya sai ya yanke, maƙogwaro ne ke toshewa. Wannan mun san shi, shi muke magani. Amma dubi daga rana ta tara." Ta bi da biro. Layin ya fara ƙanana, ya kumbura, ya sake tsukewa, ya kwanta ɗam, sannan ya sake farawa. Haka shafi bayan shafi. "A nan hanya a buɗe take, jikin ne ke daina neman iskar. Mukan ga irin wannan ga waɗanda zuciyarsu ta fara gajiya. Baba, ƙafafunka suna kumbura?"

Na dubi ƙafafuna, busassu kamar itace. Na ce a'a.

"Kana haki in ka hau bene? Filo nawa kake sawa in za ka kwanta?"

Uku. Filo uku matata take jerawa, tana jingine kamar mai jiran baƙo. Takalmanta sun daina shiga tun bara, ni kuwa ina tsokanarta wai daɗin gidana ne ya hau ta. A benen gidanmu takan tsaya a tsakiya da ledar cefane, ta ce waya take dubawa. Duk na gani da idona. Sai da kwamfuta ta zana mini sannan na gane abin da nake kallo.

"Kada gabanka ya faɗi," in ji ta. "Za a duba zuciyarka yau. In lafiya lau take, awoyinka sun cika, likita zai sa hannu."

Ka ji fa. In na ja bakina na yi shiru, za a duba, a ga zuciyata garau, in fita da takardata. Har na fara lissafin in kai matata wani asibiti daga baya, ba tare da kowa ya sani ba. Amma na san halina, "daga baya" ɗina yakan kai shekara. Kuma shaidar wata uku tana nan a kan allo da sunana a sama.

Na ce, "'Yata, ba ni ba ne."

"Ban gane ba, Baba."

"Daga rana ta tara, matata ce."

Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. Kallona kawai ta yi, ta cire tabarau ta ajiye. Kunya ta rufe ni, na ji sabuwar rigar ta yi mini nauyi, na rasa inda zan sa idona sai kan tayil.

"Ka san ba zan iya miƙa takardar nan ba."

"Na sani."

"Kuma wata uku kana ɗaukar mutane a mota ba tare da magani ba."

Wannan ma na sani, ban dai taɓa faɗa wa kaina ba. Na gyaɗa kai.

Ta turo mini wayata da ke kan tebur. "Kira Mama. Ta zo yau, ba gobe ba. Kada ta hau bas, ka je ka ɗauko ta."

Sai da wayar ta yi ƙara sau shida kafin a ɗauka. Daga kicin zuwa falo taku goma ne, amma ina jin yadda take jan iska tsakanin kalma da kalma.

"Baban yara," ta ce, muryarta cike da murna, "sun sa hannu? Awoyin sun cika dai ko? Daren da na yi zazzaɓi ma ban cire ba."