Sallar La'asar a Kan Dutsen Teku

Dung tun daga Gorton yake dariya shi kaɗai a mota. Ya baro Manchester da sassafe, ya gangara har unguwar Sparkhill a Birmingham don ɗauko abokinsa Mujeeb, alhali tekun da za su yana wani ɓangare daban. Ina ruwansa da nisa, mutumin da ya sayi fatsa biyu sababbi dal.

Sadiatu, matar Mujeeb, ta miƙo musu kular shinkafa a ƙofa tana kallon yadda iska ke wasa da kwandon sharar maƙwabta.

"Baban Chloe, sun ce a news teku ba lafiya yau."

"Maman Hikma, kwantar da hankalinki. Ni ɗan Jos ne, a kan dutse na koyi tafiya. Mijinki ɗan Yeji ne, a bakin kogin Volta ya yi rarrafe. Na san dutse, ya san ruwa. Me ya rage?"

"Mijina bai iya iyo ba," in ji ta. "Cin kifi kawai ya iya. Yadda ka ɗauke shi, haka za ka dawo min da shi."

Dung ya dafa ƙirji ya yi alkawari, suka kama motorway suna waƙa kamar waɗanda aka sallamo daga makaranta.

A yammacin tsibirin Anglesey suka sami wani dutse da ya kutsa cikin teku, suka haye can ƙarshensa. Wani dattijon Bature yana naɗe kayansa ya ce musu ruwa na dawowa, su sauka. Dung ya gode masa, ya raɗa wa Mujeeb cewa baƙin ciki ne, tsoho bai kama komai ba.

To, kifi kuwa ya yi musu karamci. Titus na farko da ya fito yana wutsil-wutsil, Mujeeb ya rungume shi kamar jariri, Dung ya taka rawar Berom har ƙafarsa ta zame. Da mai hankali ne da ya tsaya nan ya yi tunani. Dutsen Jos busasshe ne, yana riƙe ƙafa, wannan kuwa gansakuka ce a kansa. Ruwan Volta ma inda ka bar shi da safe nan za ka same shi da yamma. Amma farin ciki ya riga ya kwashe musu wayo.

La'asar ta yi. Mujeeb ya duba alƙibla a waya, ta nuna tudu, ya shimfiɗa jaket ɗinsa ya ba teku baya, ya ta da salla.

Dung ba Musulmi ba ne, amma ya taso cikin Musulmi, ya san ƙa'ida: ba a gifta wa mai salla, ba a yi masa magana, balle a taɓa shi. Ya tsaya a bayansa riƙe da fatsa biyu. Sai ya ga hanyar da suka biyo ta fara nutsewa. Ya waiga, ya hango wata igiyar ruwa baƙa tana tasowa, ta ninka 'yan'uwanta.

Ya yi gyaran murya. Ya yi tari. Bawan Allah, har tafi ya yi, wai don kada ya yi rashin ladabi. Mujeeb ya tafi sujada abinsa.

Nan Dung ya watsar da fatsa da ladabi gaba ɗaya. Ya faɗa kan abokinsa, ya damƙi wuyan rigarsa, ya cusa ƙafa a tsagar dutse. Ruwa ya rufe su, sanyi kamar ƙanƙara, yana jan Mujeeb yana jan hannun Dung. Da ruwan ya janye, ya tafi da kula, da kifi, da jaket, da takalma. Da rarrafe suka kai tudu.

A car park dariya ta kama su har suna riƙe ciki.

"Tari?" in ji Mujeeb yana haki. "Mutuwa na zuwa kana min tari? Mutumina, wa ya ce maka ba a katse salla in rai na cikin haɗari?"

Ya sake sallarsa a gefen mota cikin bargo, suka kunna hita, suka yi ta maimaita labarin har Birmingham.

A falo Mujeeb ya shiga kwaikwayon tarin, ƙaramar 'yarsu Hikma na maƙale a ƙafarsa tana ƙyalƙyala. Sadiatu ba ta yi dariya ba. Ta kalli wuyan rigar da ya yage har kafaɗa, ta miƙa wa Dung shayi. Hannun da ya riƙe mijinta ya kasa riƙe kofin, shayi na zuba a kafet.

Ta karɓe kofin a hankali. "Ka dawo min da shi, Baban Chloe."

Dung ya buɗe baki zai mayar da abin wasa, ya kalli Hikma, sai ya zauna a matakalar bene ya fashe da kuka.