Ƙwan Fitilar Ɗakin Rijiya

Orval Penner irin mutanen nan ne da ko baƙunta ya je sai ya kashe wa masu gida fitilar da ba kowa a ƙarƙashinta. Tun da ya ajiye tuƙin motar 'yan makaranta a ƙauyensu na kudancin Manitoba, bai da abokin gaba kamar kuɗin wuta. Ranar da ya tarar an karya farashin ƙwayayen fitila na zamani, waɗanda ake kira LED, a wani kanti a garin Steinbach, sai ya kinkimo kwali guda ya nufo gida yana murmushi shi kaɗai.

Abin ya zo masa daidai, don matarsa Elfrieda tana birnin Winnipeg jinyar ƙanwarta. Ba mai tsaya masa a gindin tsani tana mita. Ya bi gidan ɗaki-ɗaki, daga falo har banɗaki, yana kwance tsofaffi yana ɗaura sababbi.

Wanda ya fi tsone masa ido shi ya bari ƙarshe. A bayan gidan, wanda Elfrieda ta gada daga mahaifinta, akwai ɗan ɗakin katako da injin rijiya ke ciki. Da sanyi ya kama take kunna fitilarsa, ba ta kashewa sai ƙanƙara ta narke. Bai taɓa tambayarta dalili ba. Shi tashin cikin gari ne, kuma tuni ya yanke a ransa cewa almubazzaranci ne na gado. Tsohon ƙwan ya ƙona masa yatsa wajen cirewa. Sabon kuwa ya daɗe yana ci, ya taɓa ya ji shi sanyi ƙalau.

"Ka ji kayan arziki," in ji shi. "Haske zalla, ko ɗumi babu."

Cikin makon aka yi sanyin da ko kare ba ya yarda ya leƙa waje. Da safen ranar da Elfrieda za ta dawo, Orval ya murɗa famfo zai dafa kofi. Famfon ya yi tari, ya yi shiru.

Ta iso ta same shi yana narka dusar ƙanƙara a tukunyar miyarta. Ba ta ko cire rigar sanyi ba ta wuce ɗakin rijiya, ya bi ta. Bututun ruwan ya tsage, ƙasan ɗakin ya zama farantin ƙanƙara, yana ta ƙyalli a ƙarƙashin sabon ƙwai.

"Maigida sarkin tattali," ta ce a hankali, "kana tsammanin injin nan karatu yake yi da nake kunna masa fitila? Ɗumin ƙwan ne ke hana ruwan daskarewa."

"Ai da kin faɗa."

"Ai da ka tambaya."

Ya koma cikin gida ya kira mai gyaran famfo.

Dwayne Kehler mai gyaran famfo ya zo bayan azahar. Yana yaro Orval ne ke kai shi makaranta, don haka ya yi iya ƙoƙarinsa kada ya yi dariya. Ya duba ya ce bututu da injin duk sai an sauya, kuma a sa na'urar ɗumama ɗakin, wadda ta fi tsohon ƙwan shan wuta nesa ba kusa ba. Orval ya jingina da ƙofa yana lissafin kuɗin a ransa.

Dwayne ya durƙusa ya fara kwance ƙarfe, can ya ɗago kai.

"Amma tsakani da Allah, Kawu, ban taɓa aiki a ɗakin rijiya mai haske haka ba. Ko tocila ban ciro ba. Ina ka samo ƙwan nan?"

Orval ya saci kallon matarsa. Ya so ya yi shiru, amma abin ya fi ƙarfinsa. Ya gyara tsayuwa, ya kwatanta masa kantin, har ya ƙara da cewa ya hanzarta kafin rangwamen ya ƙare.