Hedifon ɗin Asma

Duk garin Anka an san yadda Makau mai wake yake sayen abu mai ƙara. In rediyo ne, sai ya sa a kunna, a ƙure shi, shi kuma ya juya baya ya yi ta tafiya. Idan ya kai rumfar mahauta yana ji, to rediyo ya yi. In bai ji ba, ko kyauta ba ya so. Haka ya sayi wayarsa, haka ya zaɓi hon ɗin babur ɗinsa. Maƙwabta ma sun rantse ko zakara bai taɓa saye ba sai ya tsaya nesa ya ji cararsa.

Abin tausayi, mutumin da ke son ƙara haka, ɗiyarsa Asma ba ta ji sosai. Tana ƙarama, lokacin suna zaune ƙauyen Bagega ana niƙa dutsen zinari cikin gidaje, ciwon gubar dalma ya kwantar da ita tare da yara da yawa. Allah ya tashe ta, amma kunne bai dawo daidai ba. Murya mai kauri tana kamawa in an matso. Siririya kuwa, ko in ana hayaniya, sai dai ta bi leɓen mai magana. Makau ba ya zancen nan da kowa, amma abin yana cin ransa kullum.

Yanzu Asma ta zama budurwa. Tsararrakinta a islamiyya sun kusa sauka, ita tana can baya. Malaminsu, Malam Tukur, mutum ne mai murya kamar ganga, shi ya ɗaukar mata karatun a waya don ta riƙa bita a gida. To amma gidan nasu gidan bita ne? Innarta Habsu tana da injin markaɗe a tsakar gida, tun hantsi yake ruri har la'asar. Wata rana Asma ta ajiye wayar, ta ce a hankali, "Baba, in an yi hutun sallah ba ni komawa. Na gaji da ana jirana."

Makau ya kai kuka wurin Malam Tukur. Malam ya ce a samo mata hedifon, irin babban nan da ke rufe kunne ruf, mai fitar da murya mai kauri.

Ranar kasuwa Makau ya tsaya gaban rumfar Haris mai kayan waya. Haris ya jera masa guda uku: ja mai sheƙi, mai araha, baƙi wanda ba ado ko kaɗan, kuɗinsa tsaka-tsaki, da wani fari mai fitilu a gefe, shi ne mai tsada.

"Sa a kunne, Baba Makau, ka ji da kanka," in ji Haris.

Makau ya dube shi sheƙeƙe. "Ni? Da hulata da furfurata, tsakiyar kasuwa, kamar ɗan acaɓa mai sauraren kiɗa? Kunna dai, ka ɗaga shi sama."

Haris ya yi ƙoƙarin bayani, ya ce wannan kaya ba rediyo ba ne, amma ina, Makau ya riga ya juya baya. Aka kunna baƙin, ko taku biyu bai yi ba ya daina ji. Farin ya ɗan yi gunji. Jan kuwa, har kusa da mai rake ana jin tsiwarsa. Makau ya dawo yana murmushi irin na wanda ya kama mai wayo.

"Wanga shi ne mai rai. Baƙin ga matacce ne, kuma har kana son in ƙara maka kuɗi a kai."

Haris ya girgiza kai, ya ƙulle masa jan a leda.

A gida Asma ta sa shi, aka kunna karatun. Kowa ya ji Malam Tukur. Habsu ta ji daga bakin inji, matan da suka kawo markaɗe suka ji, har wata ta ce madalla. Makau yana tsaye yana ta washe baki. Asma ta ɗago ta yi masa murmushi, ta ce ta gode.

Sai dai Makau ya san ɗiyarsa. In tana jin karatu, leɓenta motsi yake yi, ba ta iya hana shi. Ya zuba ido, ya ga leɓe a rufe. Washegari ma haka. Rana ta uku ya tarar da hedifon ɗin rataye a ƙusa.

"Ka sayo wa unguwa lasifika," in ji Habsu tana ɗauraye bokiti. "Kowa ya ƙaru ban da mai abin."

Maganar ta yi masa zafi don gaskiya ce. Ya ɗauki abin ya shige ɗaki, ya saki labule, ya cire hula, ya ɗora a kai. Ya kunna karatun. Muryar Malam ta koma kamar ta mutum a cikin gwangwani, tana kakkarwa, kuma rurin injin Habsu yana shigowa ta ko'ina kamar ba abin da ya rufe kunnen. Shi mai lafiyayyen kunne da ƙyar yake tsintar kalmomin. Ya zauna bakin gado, kunya ta rufe shi, ya tuna murmushin da yarinyar ta yi masa don kada ransa ya ɓaci.

Da kasuwa ta zagayo, ya goyo Asma a babur. Haris bai yi masa dariya ba, ko da yake an ga gefen bakinsa yana rawa. Ya karɓi jan, ya ce, "Yau mai kunnen za ta zaɓa."

Makau ya nuna farin. Ya ce in tsada ce magani, a ba ta mai tsadar, ko buhun wake ne zai tafi. Asma ta sa. Ta ɗan saurara, ta yamutsa fuska, ta cire.

"Yana dukan kai, dum-dum, amma ya haɗiye harufan. Ina jin Malam na magana, ban san mi yake cewa ba."

Haris ya ce ai wannan samari ke sonsa don kiɗa, kaurin ya yi yawa. Ya miƙa mata baƙin, ya gyara mata shi har soson ya zauna daram a kan kunnuwa, ya kunna.

Makau ya matso, ya kasa kunne. Shiru. Ko ɗis bai ji ba. Ya buɗe baki zai ce ai ya faɗa matacce ne, sai ya ga idon Asma ya tsaya wuri ɗaya. Ta ɗora tafin hannu a kan hedifon ɗin ta danna. Leɓenta ya soma motsi.

Daga nan murya ta fito. Wanda kunnensa ke rufe bai san ƙarfin muryarsa ba, don haka Asma, da a gida sai an matso ake jin maganarta, ta ɗauki karatu da ƙarfi tsakiyar kasuwar Anka. Tana bin Malam aya bayan aya, tana jan inda ya ja, tana tsayawa inda ya tsaya. Mai goro ya bar ciniki. Wata tsohuwa mai daddawa ta ce tubarkalla. Ita Asma ba ta san ana yi ba, idonta na ƙasa.

Haris ya miƙa hannu zai taɓa ta don ta sassauta. Makau ya riƙe masa hannu.

"Bar ta," ya ce.

Sai ya juya baya ya fara tafiya, kamar yadda ya saba. Ya wuce mai rake. Ya wuce masu tumatir, mutane na kauce masa suna mamakin dattijo da hawaye a gemu. Bai tsaya ba sai da ya kai rumfar mahauta. Nan ya ja birki, cikin sarar gatari da kukan awaki, ya karkata kai.

Yana jin ta.

Jatau mahauci ya leƙo daga bayan nama ya ce, "Makau, yau kuma mi ake gwadawa? Rediyo?"

Makau ya share fuska da hannun riga.

"Ɗiyata ce," ya ce. "Ta yi."