Jikin Baba Ya Tsananta

"Goge shi, Nuraddeen."

"Na goge, Inna Atu. Wallahi na goge."

Ya miƙo mini wayar in duba, sai ka ce na iya karanta abin da ke ciki. Muna tsaye a zauren Malam Arzika, maƙwabcina a Tambuwal, wanda ya cika da hantsin nan, ko wanka ba a yi masa ba. Nuraddeen ɗan ƙanensa ne, malamin firamare, mutum da gemunsa da iyalinsa. Amma shi ne ya ɗauki hoton tsohon na Sallar bara ya saka a guruf ɗin unguwa, ya rubuta Innalillahi a ƙasa. Kafin ya goge an gani, an tura gaba. Wani ɗan unguwarmu da ke sayar da albasa a Legas har ya bugo yana ta'aziyya.

"Ka tuna da 'yarsa Rauda?" na tambaye shi.

Ya mayar da wayar aljihu. Ban zage shi ba. Ni da bakina bai saba hutu ba, ranar na nemi zagi na rasa.

Abin da ya sa ya yi ciwo shi ne, Malam Arzika ne mai shelar unguwarmu. Haihuwa, ɗaurin aure, rasuwa, a bakinsa muke ji. Da can da keke yake zagayawa. Da ƙafa ta gaza, surukinsa ya saya masa waya, aka nuna masa inda zai danna ya riƙe ya yi magana. Bai yi boko ba, kuma bai buƙace shi ba. Sai ka ji wayoyin unguwa sun yi ƙara tare, muryarsa ta fito: "Salamu alaikum jama'a, Arzika ka magana." Sai dai yana da ƙa'ida guda. Ba ya shelar mutuwa sai ya tambaya ko an kai wa 'ya'yan mamaci labari da ƙafa. Ya taɓa riƙe wata sanarwa har ana shirin ɗaukar gawa, don ba a kai ga ɗan mamacin a Jabo ba. Mutane suka yi ta gunaguni an rage musu lada, shi ko a jikinsa.

Tun faɗuwar damina ya kwanta. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya gajarce. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar katangar da ta raba mu, wayar a kan ƙirjinsa. Kullum da safe ina tankaɗe ina jin sa yana yi wa 'yarsa Rauda saƙon murya, ita da ke aure a wani ƙauye gaba da Fakku.

"Rauda, kin tashi lafiya? Ya nauyin jiki? Ni da sauƙi, sauƙi ƙwarai. Ki ci abinci."

Sai ya ɗage yatsa, sannan ya saki tarin da ya danne. Jiya yatsan ya kasa riƙewa, ya kira ni ta kan katanga na zo na danna masa. Yau ya kurɓi kunu, ya ce a miƙo masa wayar. Kafin matarsa Fatsuma ta zare ta daga caji ya tafi.

Na sami Fatsuma a ƙuryar ɗaki, mata sun fara cika tsakar gida. Ta kama bakin zanena.

"Atu, ke za ki. Ni ba ni da fita yanzu. Kin san cikin nan ya tsufa, kin san biyu sunka zube mata. In ta gani ga waya tana ita ɗai..." Ta saki zanen. "Ki ce mata jikinai ya tsananta."

Haka muke yi. Ba a ce wa ɗiya ubanta ya mutu tana nesa. Ana cewa jiki ya tsananta, a taho da ita, ta iso ta ga takalma jibge a ƙofar gida, ta gane da kanta a tsakiyar waɗanda za su riƙe ta. Liman ya yarda a jinkirta jana'iza zuwa bayan la'asar don ta gan shi kafin a fita da shi. Abin da na dogara da shi guda ne: a ƙauyensu Rauda babu sabis sai a kan tudun da aka haƙa rijiyar burtsatse. In ba ta hau tudun ba, labarin bai same ta ba.

Namadi, mai motar da ke kai mutane kasuwa, ya ɗauke ni. Ban yi kuka a hanya ba. Na zauna ina kallon gero ya yi kai, ina tunanin waken da na bari a wuta, ko wani zai sauke. Shekara da shekaru muna raba katanga da mutumin nan, ga shi kwance an rufe shi da zane, ni kuwa wake nake tunani. Wayar Namadi ba ta huta ba. Duk wanda ya kira, amsa ɗaya: "Bayan la'asar. Amin, amin."

A Kebbe muka tsaya sayen mai. Mai zuba man ya leƙo ta taga yana goge hannu.

"Daga Tambuwal kuke? Ashe mai shelarku ya rasu. Yanzu nig gani ga waya. Allah ya jiƙan shi."

"Amin," na ce, kamar ya gaya mini kuɗin lita.

Namadi ya kalle ni ta madubi, ya ƙara wuta.

Da muka kawo tudun, na sa ya rage gudu. Mata na tsaye da jarkoki, wasu sun ɗaga wayoyi sama suna neman sabis. Na duba su ɗaya bayan ɗaya. Babu Rauda. A nan ne na ji numfashina ya sauka, na fara maimaita abin da zan faɗa, yadda zan yi murmushi kaɗan, ba da yawa ba.

Na yi sallama na shiga. Tsakar gidan a share take tas. Rauda na zaune a kan kujera 'yar tsugunno a ƙofar ɗakinta, da hijabi a jikinta, da takalmi a ƙafa. Jakarta na gefe a zuge. Ta yunƙura za ta tashi, na hana ta.

"Maraba da Inna. Kun sha hanya."

"Mun same ku lafiya? Ya nauyin jiki?"

"Alhamdu lillahi. Ya Tambuwal? Ya damina?"

"Damina ta yi kyau."

Ta sa aka kawo mini ruwa a kwanon sha. Na sha, na ajiye. Muka sake gaisawa, ta tambayi jikokina da sunayensu. Jikin ubanta kaɗai ba ta tambaya ba, ni kuwa ban lura ba sai daga baya.

"Rauda," na ce, "uwarki ta aiko ni. Jikin Baba ya tsananta. Ta ce ki taho ki gan shi."

Ta kalle ni. Idonta a bushe yake.

"Ya tsananta ƙwarai, Inna?"

"Ya tsananta."

"To," ta ce. Ta dafa bango ta miƙe, ta ɗauki jakar. "Bari in yi ma Hajiya sallama."

Ba ta kai ga ɗakin ba surukar tata, Hadijatu, ta fito. Suka yi sallama gajeriya, Rauda ta yi gaba zuwa mota a hankali, hannu ɗaya a ƙugu. Tsohuwar ta riƙe ni a zaure, ta yi ƙasa da murya.

"Ta sani. Da hantsi ta hau tudu ta ji saƙon ubanta yadda ta saba, sai ta tarar da hotonai. Ta dawo ta share gida, ta yi wanka, ta zauna nan. Mata sunka shigo yi mata gaisuwa, ta ce su koma, ba a faɗa mata komi ba tukuna. Ta ce Baba ba ya aika irin wanga ta waya, za a zo da ƙafa." Ta share hanci da bakin mayafi. "Mijinta ya tafi neman mota, ta ce ko ya samo ba ta shiga. Ke taka jira."

Na tsaya a zauren nan ban san me zan yi da hannuwana ba.

A mota muka zauna a baya, ni da ita. Namadi ya kashe tasa wayar, ya riƙa kauce wa ramuka kamar ya ɗauko ƙwai. Muna hawa tudun, wayar Rauda ta fara rawa a kan kujera tsakaninmu, saƙo na bin saƙo, fuskar wayar na haske tana mutuwa. Ta kife ta. Sai ta kamo hannuna ta shigar ƙarƙashin hijabinta, ta ɗora a gefen cikin, ta danne da nata.

Na jira. Motar ta gangara, matan rijiya suka koma bayanmu. Can sai na ji ɗan ya harba a tafin hannuna, ya sake harbawa.