Ledar Dakta Husaina da Awakin Tsafe

Shekara uku Dakta Husaina Tukur ta yi a ɗakin binciken jami'arsu a Gusau tana dama garin rogo da ƙaro, tana neman ledar da za ta ruɓe a ƙasa. Shugaban sashensu, Farfesa Abdulrasheed, in ya leƙo sai ya toshe hanci ya ce, "Dakta, yau ma tuwon ne? Ina miyar?"

Da ledar ta kankama, ta binne ɗari a Bungudu, ɗari kuma a gonar wani manomi a Tsafe, Malam Yahuza. Bayan sati shida ta je tono. Ta Bungudu ta fara laushi kawai. Ta Tsafe kuwa ko ƙyallinta babu.

Nan take Farfesa ya daina zancen tuwo. Ya sa sunansa a saman takardar sakamakon binciken, ya kira taron malamai da ɗalibai, ya kuma aika mota ta ɗauko Malam Yahuza don shaida.

Ranar taro Farfesa ya yi awa guda yana cewa "bincikena". Sannan ya miƙa wa manomin lasifika. "Malam, gaya musu abin da idonka ya gani."

Malam Yahuza ya gyara hula. "Ranka shi daɗe, ruwan farko ne ya tono ta, awakina sunka cinye ta sarai. Na ɗauka mutuwa za su yi, don leda ta sha kashe min dabba. Sai ga su garau, har jar akuyar ta yi ƙiba. Hajiya, in da saura, ina so."

Ɗalibai suka kwashe da dariya har da buga benci. Husaina ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige, amma ta jawo biro ta shiga yi masa tambayoyi tana rubutawa. Awaki nawa? Sun yi zawo? Malam Yahuza ya amsa mata dalla-dalla, har da kalar kashinsu.

Kafin la'asar Farfesa ya sa an goge sunansa daga takardar.

Washegari Husaina ta nemo wani likitan dabbobi, suka nufi Tsafe da ma'auni da sabuwar leda buhu guda. Rabi suka binne, wannan karon da zurfi, suka kewaye da waya. Rabin kuma Malam Yahuza ya zuba a kwano, jar akuyar ta ture sauran ta fara ci.