Kwalbatin Ƙofar Gidan Magini

Ruwa ya kai wa Malam Ja'afaru gwiwa tun bai gama naɗe wandonsa ba. Yana tsaye cikin lambatun da ya bi ta gindin katangar gidansa, da doguwar gora a hannu, yana laluben bakin kwalbatin da ya ratsa ƙarƙashin titi. Bai same shi ba. Abin da gorar ke taɓowa leda ce, sai robar lemo, sai wani abu mai laushi da bai so ya san ko mene ne ba.

La'asar ce a Ƙofar Ran. Kwana goma sha tara rabon da a ga ɗigon ruwa, a tsakiyar damina, yau kuma sama ta ɓalle gaba ɗaya. Ruwan yanzu ke nan. Sai ya ƙi zuwa, ranar da ya zo ya zubar da na wata guda cikin awa ɗaya.

Ya ɗaga kai ya dubi saman layi. Ƙofofi na buɗewa, hannuwa na fitowa da bokiti da kwando, ana juye shara cikin lambatu, ana mayar da ƙofa. Haka ake yi. In ruwa ya sauko, a ba shi shara ya tafi da ita. Inda zai kai ta, ba wanda ya taɓa tambaya. Gidan Malam Ja'afaru ne na ƙarshe a gangaren.

"Mansir!"

Mansir mai shagon kayan masarufi ya tsaya cak, da buhun da ya gama zazzagewa a hannunsa. Ya gangaro yana kare kai da buhun.

"Baba, ai ba ni kaɗai ba ne."

"Kai na gani."

"Ledoji ne kawai, ba su da nauyi. Ruwa zai ɗauka."

"Ya ɗauka. Ga shi ya kawo mini. Na gode."

Malam Ja'afaru magini ne. Shekara hamsin yana ginin ƙasa kafin bulo da siminti su zaunar da shi. Katangar nan da hannunsa ya gina ta, ya yi mata gindin dutse kamu biyu. Ya san halinta. Muddin ruwa na dukan dutse, ba komai. In ya hau ya kama jar ƙasa, ba ta wuce rabin awa a tsaye. Katangar kuwa ita ce bangon ɗakin matarsa Saudatu, wadda ta shekara biyu a kwance, ɓarin jikinta a shanye.

Ya auna da hannu. Saura yatsa huɗu ruwa ya haye dutsen.

Autarsa Ni'ima ta leƙo daga zaure, mayafinta jagab. "Baba, rariya ta fara dawo da ruwa tsakar gida."

"Koma wajen innarki."

Aikin ba baƙo ba ne gare shi. A samu bakin kwalbati, a dasa gora a tsakiyar toshiyar, a danna da ƙirji, shara ta fice ta ɗaya gefen titi. Minti biyar. Kowace damina haka yake yi. Ya sake laluba, gorar ta shige wani gurbi. Ya samu. Ya gyara tsayuwa, ya kafa ƙafa.

"Baba! Baba, don girman Allah kada ka tura!"

Daga tsallaken titi muryar ta fito. Yagana ce, 'yar Barno mai suyar gyaɗa, wadda ke haya a ɗaki ɗaya can ƙasan titi. Ta tsallako a guje ba takalmi, ta tsaya a kan kwalbatin, ruwa na zuba daga haɓarta.

"Bara da ka tura, ruwa har ƙuguna a cikin ɗaki. Yanzu 'yata na ciki, ta haihu, kwana huɗu yau. Ina zan kai su?"

"Lambatu bai wuce ta ƙofarki ba?"

"An gina shago a kai, an bar 'yar kafa. Ruwa yana wucewa. Shara ba ta wucewa."

Ya dube ta. "Bara ba ki faɗa mini ba."

"Wa zai faɗa maka magana, Baba? Sallama ma da ƙyar kake amsawa."

Mansir ya matso. "Baba, tura kawai. Katangarka fa. Ita ma ta nemi gora ta tura wa na gaba."

"Ba ka ji ta ce babu gaba ba?"

"To kowa ya ji da ƙofarsa mana."

Malam Ja'afaru ya dubi katanga. Saura yatsa biyu. Gorar na dashe inda ya kamata, dannawa ɗaya ta rage. Ya ji nauyinta a ƙirjinsa. Ya tsaya haka har Mansir ya ce, "Baba?"

Ya zare gorar ya jefa ta kan titi.

Ya durƙusa cikin ruwan har wuya, ya zura hannuwa biyu a bakin kwalbatin, ya damƙo ya jawo. Ledar ruwa, ledar burodi, ƙunzugun jarirai, takalmi wari ɗaya. Ya watsa kan titi. Yagana ta sa hannu tana ja da su nesa, kada ruwa ya mayar. Ya sake nutsawa. Wari ya cika masa hanci. Fasasshiyar kwalba ta yanke shi a tafin hannu, bai duba ba. Duk abin da ya fitar, sama da shi na gangarowa daga layi.

"Ku daina zubawa!" Yagana ta ƙwala wa layin kira. Wata ƙofa ta rufe. Wata ta buɗe.

Da ya ɗago karo na goma ko fiye, dutsen ya ɓace. Ya ɗora tafinsa a jikin katanga ya danna. Yatsunsa suka shige kamar cikin tuwo.

"Ni'ima! Fito da innarki!"

"Baba, ba zan iya ɗaga ta ni kaɗai ba!"

In ya fita daga ramin, abin da ya buɗe zai sake cikewa. Tun da ya gina gidan nan kuwa, ba namijin da ba muharrami ba da ya taɓa wuce zaurensa. Ya juya ga Mansir.

"Mansir. Shiga."

"Ina?"

"Cikin gida. Ɗaki na hannun dama. Ka ɗauko ta."

"Ni, Baba? Cikin gidanka?"

"Kurma ne kai?"

Mansir ya yar da buhu ya ruga. Malam Ja'afaru bai bi shi da kallo ba. Ya nutsa. Can ciki hannunsa ya kama wani abu mai igiya. Ya ja, ya ƙi. Ya taka bangon lambatu da ƙafa ɗaya ya ja da duk ƙarfin da shekara saba'in da uku suka bar masa.

Suka fito da Saudatu a kan katifa, Mansir ta kai, Ni'ima ta ƙafa, an lulluɓe ta da tabarmar roba. Zaure ya cika da ruwa, ba wurin ajiyewa.

"Ku kawo ta wajena!" in ji Yagana. "Ku tsallako!"

Abin da Malam Ja'afaru ke ja ya taho gaba ɗaya, har ya yar da shi da baya. Tsohon gidan sauro ne, ya naɗe ledoji da robobi ya zama dunƙule kamar tunkiya. Kwalbatin ya yi gurnani, ruwa ya fara juyawa yana shigewa. Ya tura dunƙulen kan titi, ya dafa gefen lambatu yana haki.

Katangar ba ta yi ƙara ba. Gindinta ya kumbura, ta zame a hankali ta zauna, rufin ya bi ta. Daga inda yake yana ganin gadon Saudatu, da azara biyu a kwance a kai.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya fito, ya tsallaka titi.

Bai shiga ɗakin ba, ɗakin jego ne. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama. Ƙasan ɗakin a bushe. An kwantar da Saudatu kusa da mai jego, jaririya na barci a tsakaninsu.

"Malam," in ji Saudatu, da bakinta da ya karkace. "Ɗakin nawa fa?"

"Ya faɗi."

Ta dubi ƙasan ɗakin. "Ba ka tura ba ke nan."

"Ban tura ba."

"Shekara nawa kana turawa."

"Na sani."

"Hannunka jini."

Ya dubi hannun, ya goge a jikin riga. Yagana ta miƙo masa tsumma, ya karɓa ya ɗaure. Ruwan bai tsaya ba. A bayansa ya ji gurnanin kwalbatin ya fara shaƙewa.

"Yagana," ya ce. Bai taɓa kiran sunanta ba sai yau. "Ara mini kwando."